Rigar da Ta Je Masar

Ku 'yan matan da ke zuwa rumfata kuna cewa in koya muku ɗinki cikin wata uku, ku matso ku zauna. Ni ce Larai Mai Keke ta layin teloli a Kasuwar Kure. Ban shiga aji ba, ban riƙe biro ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa. Amma na riƙe almakashi tun ana jin kukan jirgin ƙasa daga wannan ƙarshen Minna zuwa wancan. Kun ga ƙafa tana taka keke, kun ga allura tana sara, sai kuka ce wannan ai ko akuya aka ɗora za ta yi. To, keke shi ne ƙarami a cikin ɗinki. Manyan su ne ido da baki: ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe.

Aikin farko da uwar ɗakina ta ba ni farke ɗinki ne. Sunanta Nna Fati, Banufiya ce 'yar Bida, mace mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ta miƙo mini rabin reza da wata tsohuwar rigar atamfa, ta ce in raba ta gida-gida kada in ji wa yadin ciwo. Damina ta wuce ina farka, rani ya shigo ina farka, ban taɓa keke ba sai da tsumman goge ƙura. A cikin farkar nan na fara ganin abin mamaki. Duk rigar da Nna Fati ta ɗinka, in ka buɗe gefenta sai ka tarar da yadi a naɗe a ciki, faɗin yatsa biyu, wani lokaci huɗu, an kwantar da shi da dutsen guga har mai rigar ba ta san da shi ba. Na tambaye ta wannan ɓarnar yadi ta mece ce. Ta ce da irin Hausarta, “Mace ba itace ba ne. Yau haka, gobe haka. Wannan sunanshi ajiya.” Kuma ta kafa mana doka: ba a faɗin awon mace da ƙarfi, ko da ke da ita kaɗai ne a rumfa. Ki gani, ki riƙe a ka, ki yanka.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma duk sun girmi iyayenku mata. Keken ƙafa baƙi, wanda ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Almakashin da ko takarda ban yarda a yanka da shi ba. Alli, reza, dutsen guga na gawayi, da tef wanda na haddace lambobinsa da kamanninsu kamar yadda ake haddace fuskokin maƙwabta. Da su na ɗinka wa Gwarawan wajen Tagwai kayan Kirsimeti, na ɗinka wa Nufawa da Hausawa kayan Sallah, na ɗinka wa matan malaman Bosso masu zuwa da hoto a waya su ce ga irin wanda suke so, alhali mai hoton ba ta taɓa cin sakwara ba.

A cikin masu kawo mini ɗinki babu kamar Hajiya Asabe. Dillaliyar hatsi ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da shaguna, ta riƙe duka da hannu ɗaya. Tun tana siririya nake mata ɗinki. Allah ya buɗa mata, jiki ma ya buɗa, amma duk ranar da ta kawo yadi sai ta ɗaga hannu ta ce, “Ajiye tef ɗinki, Larai. Awona yana nan yadda kika san shi.” Ni kuma in ce, “Yana nan, Hajiya.” In ta juya sai in auna bayanta da ido, in ƙara abin da shekara ta ƙara. Haka muka yi ta yi, ita tana yabon jikinta da ba ya canzawa, ni ina yabon Nna Fati a kabarinta.

Shekarar da annoba ta sa aka kulle gari, nan na san Hajiya. Babu biki, babu suna, babu mai ɗinkin Sallah. Na koma haɗa takunkumin rufe hanci da ƙyallayen da na tara, har suka ƙare. Sai ga saƙo daga gidanta: labule take so, na ɗakuna duka. Na ɗinka. Bayan mako biyu, rigunan filo. Bayan nan, murfin injin markaɗe. Wa ya taɓa ɗinka wa injin markaɗe riga? Ni na ɗinka, da shafi a ciki, muka ci tuwo da jikokina. Ba ta taɓa cewa taimako take yi ba, ni ma ban taɓa cewa na gane ba. Ku riƙe wannan, don ku san nauyin wadda na zo na yi wa ƙarya.

Wata ranar Talata ta shigo rumfata da leshi a leda da yarinya a bayanta. Yarinyar Nafisa ce, matar autanta Usman mai koyarwa a Bosso, aurensu bai cika shekara ba. Hajiya ta zauna a kan benci ta ce wai Usman zai kai matarsa hutu Masar.

Na ce, “Umara?”

Ta ce, “Ina fa. Hutu. Wai za su ga teku, su ga wasu duwatsu da aka tara tun zamanin Fir'auna.”

Na ce, “Duwatsu ai ga su nan sun kewaye Minna kyauta. Ruwa kuma su je madatsar Tagwai.”

Ta ce, “Haka na faɗa masa. Ya ce tun kafin aure ya yi mata alkawari, tun lokacin yake tara kuɗi. To ni dai surukata ba za ta fita gidana kamar 'yar gudun hijira ba.”

Ta zaro leshin, ruwan zuma ne mai duwatsu, irin mai tsadar nan. Har da ƙarin yadi a kan yadda ake sayarwa, wai ko za a yi ɗankwali biyu. Ta nuna mini hoto a waya: riga da siket masu kama jiki, ƙugu a tsuke kamar na zanzaro. Shi Nafisa za ta sa ranar tafiya, dangi za su taru a gida a yi sallama kafin mota ta kai su filin jirgi a Abuja. Ta ƙara da atamfofi uku na yawo a can.

Na miƙe da tef. Na auna kafaɗa, na auna hannu, na auna ƙirji. Ina sauka ƙugu sai Hajiya ta tuna tana da saƙo wurin mai daddawa, ta fita. Tef ya zagaya ya dawo hannuna, ya gaya mini abin da ya gani. Ni na ɗinka wa yarinyar nan kayan aure, na san inda tef ya tsaya a wancan karon. Na ɗaga ido na dubi wuyanta, na ga ramin maƙogwaro yana bugawa da sauri. Ita kuma tana kallon rufin kwano kamar an rubuta mata wani abu a can. Na naɗe tef ɗina.

Abin da ya dame ni shi ne, duk kasuwa ta san rantsuwar Hajiya. Babbar surukarta ta taɓa tafiya biki da tsohon ciki, ta haihu a bayan motar haya a hanyar Bida. Uwa da ɗa lafiya lau, yaron ma har yau Ɗan Hanya ake ce masa. Amma ranar sunansa Hajiya ta rantse a gaban dangi cewa duk surukar da ta samu labarin tana da ciki, ko Suleja ba za ta je ba sai ta sauka. Hajiya kuwa in ta rantse, ko farashin gero ne, ya zauna ke nan.

Washegari Nafisa ta dawo ita kaɗai, wai ta manta ba ta faɗi irin wuyan da take so ba. Ta zauna tana murza bakin mayafi. Kun san cikin fari ba a faɗinsa. Yarinya ta gwammace ta haɗiye allura da ta buɗe baki ta gaya wa babba.

Na ce, “Gidan miji ya karɓe ki, 'yata.”

Ta ce, “Abinci ne, Inna. Tuwon Hajiya.”

“Allah ya yi wa tuwon albarka. Wata nawa ya yi a zaune?”

Ta rufe fuska da mayafi. Can ta ɗago yatsu huɗu.

“Tafiyar fa?”

“Sai wata mai zuwa, in biza ta fito.”

Na ce, “To ki ji. Ni tela ce, ba ungozoma ba. Yadi na sani, ban san abin da jirgi ke yi wa mai tuwo ba. Likita ta sani?”

Nan bakinta ya buɗe. Ta ce tana zuwa awo, likita ta duba ta tsaf ta ce babu matsala, wai watannin tsakiya su ne daidai tafiya, laulayi ya wuce, nauyi bai zo ba. Ta ba ta takardar da za ta nuna a filin jirgi, ta ce ta riƙa shan ruwa, ta riƙa tashi tana taka ƙafa a cikin jirgin, za ta sake duba ta kafin su tashi. Usman ya sani, shi ya raka ta. Sun ma nemi sanin asibitin da ke kusa da masaukinsu.

“To me ya hana shi gaya wa uwarsa?”

“Inna, in aka faɗa mata shi ke nan. Kuɗin jirgi ba ya dawowa. Kuma in na sauka, wa zai sake kai ni ko'ina? Daga goyo sai goyo.” Sannan ta ce, “Ban taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba.”

Atamfofin uku ba su ba ni wahala ba. Na yi musu ajiya hawa biyu a kowane gefe, na kama kowane hawa da hannu, da zare ja, irin ɗinkin bakin buhun shinkafa. In riga ta matse, sai ta juya cikin rigar ta kama bakin zaren ta ja, ya zare gaba ɗaya, riga ta buɗe yatsa biyu ba tare da reza ko tela ba. Na nuna mata, ta ja ɗaya tana dariya, na mayar.

Leshin ne ya hana ni sukuni. Ɗinki mai kama jiki ba ya rufa asiri. Ko buhun ajiya ka zuba masa, zai tsaya a gaban jama'a ya ce ga ciki nan. Biza kuma ta yi jinkiri, tuwo yana ta tashi. Na shimfiɗa leshin a kan tebur, na naɗe, na sake shimfiɗawa. In na ɗinka abin da Hajiya ta ce, na tona yarinya. In na ɗinka wani abu, na saɓa wa matar da ta ciyar da ni da rigar injin markaɗe, na kuma zubar da sunan da na daɗe ina tarawa. Leshi kuwa ba a yanka shi sau biyu. Na yi bisimilla, na sa almakashi. Na yi doguwar rigar bubu, na tattare ta daga ƙarƙashin ƙirji ta zubo har ƙasa, na jera duwatsun a wuya da hannuwa don ido ya tsaya a sama. Ƙarin yadin nan ya shige cif, ko ƙyalle bai ragu ba.

Ranar karɓa, saura kwana kaɗan tafiya, suka zo tare. Nafisa ta shiga bayan labule ta fito. Wallahi rigar ta yi kyau. Amma ba ita aka ce in yi ba.

Hajiya ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta ce, “Larai, wannan riga ce ko rumfar biki?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Hajiya, tsufa ne. Almakashi ya zame mini a wurin siket, na ga in ban juya shi bubu ba leshin ya tashi a banza.”

Sai ta miƙe ta fita bakin rumfa, inda kowa zai ji. Ta ce a zo a ga abin da Larai ta yi wa leshin da ta aika har Legas aka sayo. Ta ce mutum uku za su shiga rigar nan su yi hira, na huɗu ya kawo musu shayi. Ta ce in ido ya ƙare a faɗa wa mutane, a koma sayar da ƙuli-ƙuli. Teloli suka tsayar da kekuna. Maman Ladi mai doya, ƙawata Bagwariya, ta tsallako tana cewa da irin Hausarta, “Hajiya, ka yi haƙuri, hannu ne, kowa yana kuskure.” Hajiya ta ce haƙuri ba ya mayar da leshi. A ƙarshe ta juya wurin Nafisa, wadda hawaye ya cika wa ido, ta ce, “Haka za ki sa ta. Kuɗina ba zai tafi a banza ba. Ki sa ta a nan, ki sa ta a jirgi, in Misirawa sun tambaya ki ce Larai ce.”

Haka aka yi. Dangi suka taru, aka yi wa rigar dariya, aka yi wa matafiya addu'a, babu wanda ya dubi cikin kowa. Ni kuwa kafin mako ya zagayo mata biyu sun zo sun karɓe yadinsu, magana ta bi layi cewa idon Larai ya tafi. Na zauna ina gyaran zif da facin wandunan makaranta.

Suna can sai ga Hajiya ita kaɗai. Ta zauna a bencinta kamar ba abin da ya faru, ta miƙo mini waya. Ga Nafisa a bakin teku cikin rigata, iska ta cika ta kamar tantin alhazai, tana dariya har ana ganin dasashi. Ga ta kuma cikin atamfa a gindin duwatsun Fir'auna, na lura an riga an zare hawa ɗaya.

Sannan ta ajiye wani farin yadi mai laushi a kan tebur. Ta ce, “Ajiye wannan. Kada ki sa masa almakashi sai kin ji guɗa.”

Na dube ta. Na ce, “Hajiya, tun yaushe?”

Ta ce, “Tun ranar da ta ce ƙamshin man shanu yana hawa mata kai. Haihuwa takwas na yi, Larai. Kina tsammani daddawa ce ta fitar da ni ran nan? Buhu guda gare ni a gida.”

“To rantsuwar fa?”

“In na samu labari dole in hana, ko in yi kaffara ni da gyambon ciki. Wa ya ba ni labari? Yaron nan ya tara kuɗinsa, yarinya ta sa rai, likitarsu ta yarda. Ni ce zan zama dodo? Shi ya sa na kawo ta wurinki, ban kai ta wurin yaran nan masu ƙwala awo kamar masu gwanjo ba.”

Na ce, “Shi ne sai da kika yi mini wankin babban bargo a tsakiyar kasuwa?”

“Da na karɓi bubu na yi shiru, da dangi sun ce Hajiya ta sani. Ke dai ki yi haƙuri.” Ta ciro shadda mai ruwan toka daga jaka. “Wannan tawa ce, ta ranar taro in Allah ya kai mu. Awona yana nan yadda kika san shi.”

Na ce, “Yadda kika faɗa haka za a yi, Hajiya.”

Allah ya dawo da su lafiya, watanni suka cika, Nafisa ta sauka a asibiti a nan Minna, aka samu mace. Ranar suna na kai wa Hajiya ɗinkinta da safe, lokacin da gida ya cika, babu damar canzawa. Na ɗinka shi daidai awon da take faɗa, na zamanin da take siririya, na ɗan ƙara abin da zai bari ta shiga don ban manta labule ba. Ta shiga. Fita ce da zama suka gagara.

Tun hantsi Hajiya take tsaye. Tana karɓar baƙi a tsaye, tana amsa barka a tsaye, hannuwa a ɗan buɗe kamar kaza ta ji zafi. Mata suna cewa, “Kai, Hajiya da son jika, ko zama ta kasa.” Aka kawo waina da miyar taushe, ta ce ta ƙoshi. Ni ina gefe a kan tabarma kusa da mai jego, wadda ta sa rigar nan ta Masar, jaririya a cinyarta. Ina cin wainata a hankali.

Da azahar Hajiya ta matso ta tsaya a kaina, don ba ta iya sunkuyawa. Ta ce ƙasa-ƙasa, “Larai, numfashina.”

Na ce, “Awonki ne, Hajiya. Ido ya tafi, sai abin da aka faɗa mini nake bi.”

“Larai, don Allah.”

“Akwai zare ja a ƙarƙashin hammata. Amma hannuna ba ya kaiwa can sai kunnena ya ji wani abu.”

Ta dube ni, na dube ta. Sai ta juya wurin mata, da ɗan numfashin da ya rage mata, ta ce su dubi rigar da ke jikin mai jego: ta je Masar ta dawo, ta yi goyon ciki, ga ta a ranar suna, ba a taɓa ta da allura ba. Ta ce duk Minna, daga Bosso har Chanchaga, babu mai idon Larai, wadda ta karɓe yadinta ta mayar tun ba ta yi nadama ba. Wata tsohuwa daga dangin mijinta ta ce, “Af, ashe Hajiya kin san da cikin aka tafi?” Hajiya ta ce, “Ni? A bakin ungozoma na ji, kamar kowa.”

Na ja ta bayan ƙofa, na laluba na kama zaren, na zare na dama, na zare na hagu. Ta saki wani numfashi kamar an kwance bakin buhu. Ta koma ta zauna, ta ce a miƙo mata waina, ta ci faranti biyu.

Da Sallah ta matso ta sake kawo yadi. Na ɗauko tef, ta ɗaga hannu.

“Ajiye, Larai. Awona yana nan.”

Na ce, “Yana nan, Hajiya.”

Zaren labarin ya ƙare a nan, na cije shi. Mai son koyo ta zo gobe da rabin reza.